Karsanar Sadaki

Shafa'atu 'yar Daudawa ce, aure ya kai ta Ketare, kuma a shekara ashirin da biyu da ta yi a garin ba a taɓa jin muryarta ta tsallake katanga ba sai in da saniya take faɗa. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta duk ya yi kanta saboda igiya da guga. Matan unguwa suna tsokanarta da Uwar Garke, ita kuma takan yi dariya ta ce su bari garken ya cika tukuna, don bai taɓa wuce kai biyar ba.

Asalin garken sadakinta ne. Shekarar da aka ɗaura mata aure da Mamuda auduga ba ta yi kuɗi ba, mahaifinsa kuwa ba ya son a ga gazawarsa a bainar jama'a, sai ya ce a ɗaura a kan karsana. Aka ɗaura, shaidu suka ji, aka raba goro. Gwaggonninta suka taru a kanta wai a sayar a ƙaro mata kwanuka da katifa mai tudu. Ta ce da su katifa ba ta haihuwa. Ta sa aka kafa mata turke a bayan ɗakinta, ta ɗaure abarta, kuma tun daga ranar ba ta ƙara yin barcin safe ba.

Kiwonta daban yake da na mutane. Ba ta taɓa haɗa dabbarta da makiyayi ya tafi da ita daji ba, daga turke sai inuwar bishiyar bedin da ke tsakar gida. Suyar awara take yi, ribar ta tafi sayen harawa da kaka, lokacin da take araha, a jibge mata a kan rufin ɗaki. Dusar awarar ta shanu ce, ƙasarin gidajen maƙwabta ma nata ne, ta riga ta kama tun kafin a zubar. Mazan gari suka yi ta dariya wai ta mai da shanu matan kulle. Da ɓarayin daji suka fara kwashe garkunan mutane daga Pauwa har Sabuwa, masu dariyar nan suka koma leƙen katangarta suna tambayar yadda ake jiƙa dusa.

Mamuda kuwa ba za a ce tun farko mugu ne ba. Mutum ne mai son a ce. Takin shanun Shafa'atu ake kwasa a kai gonarsa, masararsa ta fi ta kowa kauri, shi kuma ya zauna a majalisa yana koya wa mutane noma. In an sayar da bijimi aka yi rufin kwano, Mamuda ne ya yi rufi. In an sayar aka yi wa tsohuwarsa aikin ido, Mamuda ne ɗan albarka. Auren 'yarsu Lauratu ma daga turken nan gado da kujeru suka fito, amma shi aka yi wa barka da ƙoƙari. "Shanuna" yake cewa ko a gabanta. Ita ba ta damu ba, tana ganin ai rufin asirin miji nata ne.

Damina uku da suka wuce, da hantsi, yana tsakar aiki a gonarsa ta hanyar Pauwa 'yan bindiga suka tafi da shi. Bayan kwana biyu suka bugo waya suka yanka kuɗin fansa. Wansa Malam Lawwali ya tara dangi a zaure, kowa ya juye aljihu, abin da aka haɗa ko kwatar abin da ake nema bai kai ba. Aka ce a sa gonar gado a kasuwa, amma wa zai sayi gonar da ba a iya zuwa? Shafa'atu tana jinsu daga bayan ƙofa. Ba ta jira an roƙe ta ba, ta aika a ce da Malam Lawwali a kwance shanun.

Dillalai sun san gidan da aka ɗauke wa mutum ba ya ciniki, don haka suka yi musu sayen wulaƙanci. Shanu huɗu suka fita ta ƙofar nan rana ɗaya. Abin da ya rage maraƙa ce mai zawo, ƙashin haƙarƙarinta a waje, wadda dillalin ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai ɓata wuri a mota ba. Malam Lawwali ya tsaya a tsakar gida, a gaban dangi maza da mata, ya ce in Allah ya dawo da ɗan'uwansa za su biya ta shanunta ko da shekara nawa za a yi.

Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Haba Yaya, wane irin biya tsakanina da uban ɗiyana? Na ba shi, duniya da lahira."

Mata suka yi ta sa mata albarka, wasu har da hawaye. Kara ce ta yi irin wadda aka tarbiyyantar da ita a kai, kuma har zuciyarta haka take nufi. Babu wanda ya ce mata maganar da aka faɗa a gaban shaidu ba ta mutuwa.

Bayan kwana arba'in da ɗaya aka sako shi, ƙafafunsa a kumbure, ya rame har ba a gane shi. Ita ta yi ta gasa masa jiki da ruwan zafi, ta dama masa kunu tana ba shi da ludayi. Tana jinyar miji a ɗaki, tana jinyar maraƙa a turke, duka biyun kuma suka tashi. Mamuda ya ce shi da gona har abada, babu kuma wanda ya ga laifinsa, wanda ya kwana a hannun mutanen nan shi ya san abin da ya gani. Awara ta ci gaba da riƙe gidan. Maraƙar ta murje ta zama karsana ja mai farin goshi, aka kai ta wajen bijimin maƙwabta, ta ɗauki ciki. Shafa'atu ta fara lissafin sabon garke a ranta.

Shi kuma Mamuda lissafin babur yake yi. Ya ga sa'o'insa suna acaɓa a Ƙanƙara suna dawowa da cefane a leda, ya ce a sayar da karsana a saya masa. Ta ce ya yi haƙuri ta haihu, in namiji ne nasa ne, ya yi abin da ya ga dama. Ya ce shi za a ce wa ya jira saniya ta haihu? Ta ce ita kaɗai ta rage, in ta tafi turken ya mutu ke nan. Karo na farko ke nan da ya nemi abu a hannunta ta ce a'a, abin kuwa ya tsaya masa a wuya. Sati uku ana abu ɗaya, yau gori, gobe ƙin cin tuwo.

Ran nan bayan la'asar Kamilu mai sayen hatsi yana zaure shi da Malam Lawwali suna awon waken suya, maganar ta sake tashi a cikin gida. Mamuda ya fito tsakar gida, inda ko kurma zai ji shi, ya ce, "Je ki, na sake ki. Saki uku."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce ya ba ta takarda, ya ce za a aiko mata. Washegari ƙanenta Yahya ya zo da a-kori-kura, aka ɗora tukunyar awara da buhun tufafi da karsana, suka nufi Daudawa. A can ta yi iddarta cif, ba ta taka ko ƙofar gida ba. Da ta gama ta tura Yahya karɓo takarda. Aka ce ya dawo jibi. Jibin da ya zo, takarda ta iso har gida, amma sammaci ce daga kotu. Mamuda ya kai ƙara wai matarsa ta yi yaji wata uku, an yi biko ta ƙi dawowa, ta kuma tafi da dabbar gida.

Yaji. Kalmar nan ta fi sakin ƙona mata rai. Macen da ta aurar da 'ya, wadda ko gardamar gishiri ba ta taɓa kai ƙara gidansu ba, yau ita ce mai yaji kamar amaryar bara. Kwana biyu ko awara ba ta iya soyawa ba don baƙin ciki.

Sau uku suna zuwa Ƙanƙara ita da Yahya ana ɗage zama, yau alƙali ya tafi taro, gobe mai ƙara ba shi da lafiya. Kowace tafiya kuɗin mota ne na mutum biyu, ga hanyar da ake shiga da addu'a a fita da hamdala. Jarin awara ya fara narkewa. A zuwa na huɗu aka zauna.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, da ganinsa ya gaji da jin ƙaryar mutane. Ya ce tunda ita ta ce an sake ta, miji kuma ya musa, sai ta kawo shaidu biyu. Kamilu ya tashi, Allah ya saka masa, ya faɗi abin da ya ji kalma da kalma, ko da yake ya san daga ranar ya rasa cinikin gidan. Aka kira Malam Lawwali. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce shi dai ya ji hayaniya, amma hankalinsa yana kan tiya kada a cuce shi a awo, bai tantance abin da aka ce ba. Wannan shi ne mutumin da in kaza ta yi ƙwai a gida na uku shi ke fara sani. Shafa'atu ta dube shi, ya mai da idonsa kan silin.

Shaida ɗaya ba ta tsai da saki, sai alƙali ya juya ga Mamuda ya ce zai iya rantsuwa? Ya yi masa nasiha mai tsawo a kan abin da ke jiran mai rantsuwar ƙarya. A nan Shafa'atu ta ɗan sami natsuwa, don ta san mijinta da son girma da ragwanci, amma ba ta san shi da wasa da Littafi ba. Ya fita ya yi alwala, ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ta kafa wa hannunsa ido tana jiran ya yi rawa. Ya karɓi Alƙur'ani da hannun nan da ta yi ta gasawa, ya rantse bai sake ta ba, muryarsa ko sarƙewa ba ta yi ba.

Alƙali ya daɗe yana rubutu. Sannan ya yi mata bayani a hankali, ya ce kotu da zahiri take hukunci, a takarda har yanzu matarsa ce. Amma in ta tabbata kunnenta ya ji saki uku, to tsakaninta da Ubangijinta bai halatta ta koma ɗakinsa ba. Hanya ɗaya ta rage, ita ce hul'i, wato ta mayar masa da sadakinsa ta fanshi kanta.

Ta ce, "Fansa kuma, Allah gafarta Malam? Ni da na hwanso shi daga daji, ni ce kuma zan hwanshi kaina daga hannunshi?"

Alƙali ya juya ya tambayi Mamuda abin da yake nema. Mamuda ya sunkuyar da kai irin na mutumin kirki, ya ce shi har yanzu yana son matarsa, amma in ta nace ba zai zalunce ta ba, ba ya neman ko sisin kwabo a kan abin da mahaifinsa ya bayar. Karsana aka ba da, karsana yake so.

Sai a lokacin ta ga abin tun daga tushe. Ba ita yake biko ba, babur yake biko. Abin da ta hana shi a tsakar gida ya zagayo zai karɓa ta hannun alƙali, da hatimi da sa hannu. Wani mai wayon ya zaunar da shi a majalisa ya karanta masa yadda ake yi, shi kuma ya ga ai rantsuwa ɗaya ce a wuce wurin.

Yahya ya miƙe a fusace, ya ce to shanu huɗun da aka sayar aka fanso wannan bawan Allah fa? A cire karsana ɗaya a ciki, ya biya yayarsa uku. Alƙali ya ajiye alƙalami, da alama shi ma ya ga ƙofa. Ya dubi Shafa'atu ya ce ta yi tunani da kyau kafin ta amsa: shanun nan rance ta ba shi, ko kyauta? In rance ne, kuma za ta iya tsayawa a kan haka, magana ta canza.

Yahya ya ɗan taka mata gefen zane. Kalma ɗaya ce, rance. Malam Lawwali da kansa ya taɓa cewa za a biya, rabin Ketare sun ji. Wa zai ga laifinta? Ta dubi inda aka ajiye Alƙur'anin, har yanzu da danshin hannun Mamuda a jikin gafakar. Ta tuna abin da bakinta ya faɗa a tsakar gida da kuma abin da zuciyarta ta nufa ranar.

Ta ce, "Kyauta ce. Na ce na ba shi duniya da lahira."

Malam Lawwali, wanda kunnensa bai ji saki uku da aka yi da ihu ba, ya yi caraf ya ce ƙwarai kuwa, shi shaida ne, da kunnensa ya ji ta faɗa. Abin da ke ci wa mutum rai ke nan. Ƙaryar namiji ta shige saboda ya yi alwala, gaskiyar mace kuma ita aka ɗaure ta da ita.

Alƙali ya yi iya yinsa, a ba shi wannan. Ya ce da Mamuda ya ji tsoron Allah ya yafe, ko ya rage ya karɓi abin da ya sauƙaƙa. Mamuda ya ce shi talaka ne, 'yan bindiga sun karya shi, ba shi da halin yafe haƙƙinsa. Aka ce Yahya ya kawo kuɗin karsana a bar mata tata. Yahya manomi ne da rabin gonarsa ke hannun daji, ko ya sayar da rufin ɗakinsa ba zai haɗa ba.

Sai Yahya ya tuna wani abu, ya ce karsanar da aka ba da sadaki ba ta da komai a cikinta, wannan kuwa cikinta wata biyar. A jira ta haihu, ya ɗauki uwar, a bar wa yayarsa ɗan. Alƙali ya ce wannan magana ce mai kyau. Shafa'atu ta fara sa rai, don da maraƙa ɗaya mai zawo ta tayar da turke, za ta iya sake tayarwa. Mamuda ya yi shawara da wansa a kunne, sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Tunda kafin ta haihu matarsa ce, shi ba zai bar matarsa wata huɗu a gidan wani ba. Ta tattara ta koma ɗakinta da dabbar, in ta haihu a yi hul'in.

Ya san abin da ya faɗa. Ya san ta ji saki ukun nan, ya san ta san ya sani. Yahya ya raɗa mata cewa wata huɗu kamar gobe ne, ta zauna ɗakin Lauratu na dā ta sa sakata, ba wanda zai ce ta yi laifi tunda kotu ce ta ce. Alƙali ya tambaye ta ko ta yarda.

Ta ce, "Ko kwana guda ba ni yi a gidan wanda ya sake ni. Shi ɗauka, da ita da abin da ke cikinta."

Bayan sati ɗaya ita da Yahya suka kawo karsanar Ƙanƙara. Kuɗin motar da ta ɗauko ta ma daga sauran jarin awara ya fita. Magatakarda ya miƙa wa Shafa'atu takardar rabuwa, ya ƙara da cewa ta lura, iddarta daga yau za ta fara. Ta ce ai ta yi. Ya ce waccan ba ta cikin takarda. Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zane ta fita, don in ta buɗe baki a ofishin nan sai an kira mata 'yan sanda.

A waje mutane sun taru a inuwa, masu jiran shari'a da masu sayar da rake. Can gefe ga dillali a tsaye yana ta zagaya karsanar yana latsa mata ciki, ashe tun kafin a sauke ta daga mota an gama ciniki. Malam Lawwali ya miƙo hannu zai karɓi igiya, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba. Ta je har gaban mai ita.

"Mamuda."

Masu rake ma sai da suka juyo. Shekara ashirin da biyu sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a bayan idonsa. Ya ɗago a firgice kamar an kama shi da hannu a tukunya. Ta kamo hannunsa na dama, ta danƙa masa igiyar, ta naɗe masa yatsu a kanta.

Ta ce, "Riƙe da kyau, halaliyarka ce, alƙali ya ba ka. Amma ka sani, waɗancan na daji da sunka ci shanuna huɗu, ko guda cikinsu bai ɗauki Alƙur'ani ba."

Karsanar ta ja igiya za ta bi ta, dillalin ya buge mata hanci da sanda. Shafa'atu ta ji ƙarar sandar har cikin ƙirjinta, amma ba ta waiwaya ba, ta ce da Yahya ya zo su tafi kada motar Daudawa ta cika.